Ma'aunin Lantarki Mai Bin Sawun Ruwan da ke Fita Daga Maƙabarta

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya yi 'yan shekaru a Kurmi wajen neman abinci, in ya zo ganin gida, ɗaya daga cikin abubuwan da za su ba shi mamaki shi ne yadda gari ya haɗiye maƙabarta. Wurin da a da sai an yi doguwar tafiya da makara kafin a isa, yau ga shi a tsakiyar unguwa. Dubi Dandolo a Kano, ko Gwange a Maiduguri, ko kuwa Atan ta Yaba can Ikko inda da yawanku kuke wucewa kullum, duka gidaje ne kewaye da su. Yawancin gidajen nan kuwa suna da rijiya ko burtsatse, tun da yake ruwan famfo bai wadaci mutane ba.

To, tambayar da mutane ke yi a zuci amma suke jin nauyin furtawa ita ce: shin abin da ke narkewa cikin kabari yana kaiwa ga ruwan da muke sha? Maganar ba ta da daɗin ji, domin iyayenmu ne da kakanninmu ke kwance a wuraren nan, Allah ya jiƙansu. Amma ta shafe ku ƙwarai, ku da ke Kudu. Cikinku akwai masu haƙa rijiya, akwai 'yan garuwa, akwai masu shayi da masu tuwo-tuwo da ke ciyar da ɗaruruwan mutane kowace rana. Kuma ku ne ke haɗa kuɗi a Sabo ko a Zango ku sayi filin da za a riƙa binne 'yan'uwa. Saboda haka ya kamata ku san cewa akwai hanyar da ake bi a sami amsar tambayar nan ba tare da an tone kabari ko ɗaya ba.

ABIN DA KE FITA DAGA KABARI

Kusan kashi 60 cikin 100 na jikin ɗan Adam ruwa ne. Idan aka binne mutum, jikin yakan saki wani ruwa mai ɗauke da gishiri iri-iri, da amoniya, da kuma ƙwayoyin cuta na cikin hanji. Masu bincike a ƙasar Brazil sun ƙiyasta cewa mutum mai nauyin kilo 70 yakan saki lita 30 zuwa 40 na wannan ruwa, watau wajen jarka ɗaya da rabi irin ta 'yan garuwa. Ba a rana ɗaya yake fita ba. Hukumar kula da muhalli ta Ingila ta yi lissafin cewa fiye da rabin abin da zai fita yana fita ne a shekarar farko, sa'an nan ya riƙa raguwa da rabi kowace shekara, har bayan shekara 10 ya zama kusan babu saura. Wannan ya nuna cewa tsohuwar maƙabartar da aka daina binnewa a cikinta ba ita ce abin damuwa ba, sai dai wadda ake kai mutane kullum.

Amoniyar nan, idan ta haɗu da iskar da ke cikin ƙasa, takan rikiɗe ta zama wani gishiri da ake kira naitiret. Shi kuwa ba shi da launi, ba shi da wari, kuma yana bin ruwa duk inda ya nufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 cikin lita guda ta ruwan sha, ka'idar Nijeriya ma haka ta ce. Illarsa ta fi tsanani ga jarirai ƙanana da ake dama wa madarar gwangwani da ruwan rijiya, domin yakan hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata, har a ga leɓunansu sun yi shuɗi.

Amma fa kada a firgita. Allah ya yi ƙasa da hikimar tace ƙazanta. Muddin akwai busasshiyar ƙasa mai kauri tsakanin gindin kabari da inda ruwa yake kwance, to yawancin ƙwayoyin cutar suna maƙalewa su mutu kafin su isa. Matsala tana tasowa ne a wuri uku: inda ruwa ke kusa da sama har kabari ya taɓa shi, inda ƙasar rairayi ce ko tsakuwa mai saurin zurarar da ruwa, da inda akwai dutse mai tsage-tsage wanda ruwa ke bi kamar bututu ba tare da ya tatu ba.

Irin jana'izarmu ta Musulunci ma tana da sauƙi ta wannan fuska. Likkafani ne kawai, sai itace ko fasassun tukwane da laka. Ba akwati mai fenti da ƙarafa, ba kuma fomalin da ake ɗura wa gawa don ta daɗe. A Amurka, tun daga yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865 har farkon ƙarni na 20, da gubar asinik suke adana gawa, kuma ita ba ta ruɓewa, tana nan cikin ƙasar tsofaffin maƙabartunsu. Mu ba mu da wannan. Amma rashin akwati ba zai hana ruwan jiki sauka ba, don haka zurfin ruwan wurin da irin ƙasarsa su ne abin lura.

YADDA MA'AUNIN KE AIKI

Wataƙila wasunku sun taɓa ganin irin mutanen da ke zuwa kafin a haƙa burtsatse, suna jan doguwar waya suna kafa turaku na ƙarfe a jere. Ranar da na fara ganinsu a unguwarmu, yara sun yi ta yayata cewa an zo neman man fetur. Da na matsa kusa sai na ga kayan aikin ba su wuce batir, da akwati ɗan ƙarami mai nuna lambobi, da nadin waya huɗu, da guduma ba. To, wannan na'ura da ke nemo ruwa, ita ce kuma ake amfani da ita a gano inda ruwa ya gurɓata.

Dabarar ta daɗe. Wani Bafaranshe mai suna Conrad Schlumberger ne ya fara gwada ta a 1912, sa'an nan wani Ba'amurke, Frank Wenner, ya fito da nasa tsarin jera turakun a 1915. Har yau da sunayen mutanen nan biyu ake kiran tsare-tsaren.

Ga yadda abin yake. Ana kafa turaku huɗu a layi ɗaya, kowane bai fi taƙi ɗaya ko biyu cikin ƙasa ba. Biyun da ke gefe su ne ke tura lantarki cikin ƙasa, biyun tsakiya kuma su auna ƙarfin abin da ya ratso. Daga nan sai a lissafta irin turjiyar da ƙasar ta yi wa lantarkin, da wani ma'auni da ake kira om-mita. In ana son a ji abin da ke can ƙasa sosai, sai a ƙara nisanta turakun gefe, domin gwargwadon nisansu gwargwadon zurfin da lantarkin zai nutsa.

Kowace irin ƙasa da tata turjiyar. Dutse mai tauri yakan kai dubbai. Busasshen rairayi ɗaruruwa zuwa dubbai. Rairayin da ya jiƙe da ruwa mai daɗi yakan sauko ƙasa da haka. Ruwan teku kuwa bai kai ko om-mita ɗaya ba, domin gishiri babban abokin tafiyar lantarki ne. A nan ne asirin yake. Ruwan da ke fita daga kaburbura yana ɗauke da gishiri fiye da ruwan da ke kewaye da shi, saboda haka duk inda ya bi sai turjiyar ƙasar ta faɗi. Mai na'ura ba ya ganin ruwan da idonsa, amma lambobinsa suna nuna masa sawunsa, kamar yadda maharbi ke gane inda nama ya bi.

Na'urorin zamani sun sauƙaƙa aikin. Maimakon turaku huɗu da ake ta cirewa ana matsarwa, yanzu akan kafa 40 ko 60 ko fiye a lokaci ɗaya, na'urar da kanta ta riƙa zaɓen huɗu-huɗu tana aunawa. Sai kwamfuta ta haɗa lambobin ta zana hoto mai launi-launi, kamar an yanka ƙasar da wuƙa an leƙa gefenta. A hoton za a ga inda dutse yake, da inda ruwa ya fara, da kuma wani tabo mai ƙarancin turjiya in akwai shi, ya taso daga ƙarƙashin maƙabarta ya miƙe ya nufi gangare.

Mai aikin kirki ba layi ɗaya yake ja ba. Zai ja ɗaya a tudu, bayan maƙabarta, inda ruwanta ba zai iya hawa ba, domin ya san yadda ƙasar wurin take tun asali. Sa'an nan ya ja wasu a gefenta da kuma gangarenta, wajen gidaje, ya kwatanta. Zai kuma yi awon sau biyu, da rani da kuma ƙarshen damina lokacin da ruwan ƙasa ya taso iyakar tasowarsa. Duk wannan ana iya yin sa a bayan katanga da kan hanyoyin da masu kai gawa ke bi, ba sai an taka kabarin kowa ba, balle a kafa masa ƙarfe.

Akwai wasu na'urorin da ke taimakawa. Akwai rada, wadda ake turawa kamar amalanke tana aika saƙo cikin ƙasa yana dawowa. Ita ta fi amfani wajen gano tsofaffin kaburbura da alamarsu ta ɓace, amma ba ta ratsa yumɓu ko ƙasa mai gishiri sosai. Akwai kuma wata doguwa kamar sanda da mutum ke ratayawa yana tafiya, tana auna ƙasa da ƙarfin maganaɗisu ba tare da an kafa kome ba. Tana da sauri, sai dai katangar ƙarfe, ko motar da aka ajiye, ko wayar lantarki duk suna rikita ta.

ABIN DA NA'URA BA TA GANI

A nan sai a yi hattara, kada wani ya zo da hoto mai launi ya tayar wa unguwa da hankali. Na'urar nan ba ta ganin ƙwayar cuta. Abin da take cewa kawai shi ne, a wuri kaza lantarki yana wucewa da sauƙi. Abubuwa da yawa kuwa suna sa haka. Yumɓu yana da ƙarancin turjiya ko da tsarkakakke ne. A bakin teku, kamar Apapa da Lekki, ruwan gishiri yana kutsowa cikin ƙasa ya ba da irin wannan alama. Masai, da ramin da ruwan wanka ke zuba, da juji, da kwata, da tsohon bututun ƙarfe da aka binne, duka haka suke nunawa.

Don haka aikin na'ura shi ne ta nuna inda ya kamata a duba. Bayan ita sai a haƙa 'yan ƙananan rijiyoyin gwaji, aƙalla uku, a auna tsawon ruwan kowace domin a san ta ina ruwan ƙasa ke gangarawa, tun da ba kullum yake bin gangaren da ido ke gani ba. Sa'an nan a ɗebi ruwan a kwalabe masu tsabta a kai ɗakin gwaji, a nemi naitiret da amoniya da kulorayid, da kuma ƙwayar nan ta cikin hanji da ake kira E. coli, wadda ka'ida ta ce kada a sami ko ɗaya cikin mililita 100 na ruwan sha. Sai an haɗa hoton na'ura da sakamakon kwalba kafin a yanke magana.

Sau da yawa ma in aka bincika sai a tarar mai laifin yana cikin gida. Kabari sau ɗaya ake sa mutum, amma masai kullum ana shigarsa, kuma a gidajen haya na birni da ƙyar ake samun taku goma tsakaninsa da rijiya. Ko annobar kwalara da ta shahara a London a 1854, wadda likita John Snow ya bi diddiginta har zuwa wani famfo a titin Broad, daga ramin ƙazantar wani gida da ke dab da rijiyar ta fito. Ruwa ba ya tsami banza, amma kafin a ɗora wa matattu laifi sai a fara duba na rayayyu.

ABIN DA WASU SUKA GANO

Brazil na cikin ƙasashen da suka fi zurfafa wannan bincike. Tun wajen 1991 masana na Jami'ar Sao Paulo, cikinsu har da Alberto Pacheco, suka gwada ruwan ƙarƙashin maƙabartu uku, biyu a birnin Sao Paulo, ɗaya a Santos, wanda gari ne na bakin teku mai tashar jiragen ruwa kamar Ikko. Sunan ta Santos ɗin Areia Branca, watau farin rairayi. Sun sami ƙwayoyin cuta a ruwan, kuma sun nuna cewa irin ƙasar wuri da zurfin ruwansa su ne ke sa abin ya yi yawa ko ya yi sauƙi. Daga baya aka riƙa amfani da ma'aunin lantarki a maƙabartun wasu garuruwansu. A 2003 ƙasar ta kafa doka cewa lalle ne gindin kabari ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi, watau ƙafa 5, a sama da inda ruwan ƙasa ke tsayawa in ya cika.

A 1998 reshen Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da rahoto kan maƙabartu, ya ba da shawarar kada a binne gawa a ƙasa da mita 250 daga rijiya ko burtsatse ko idon ruwan da ake sha. Wannan ya kai tsawon filin ƙwallo biyu da rabi. Ya ce kuma a bar mita 30 daga rafi, a bar aƙalla mita ɗaya tsakanin gindin kabari da ruwan ƙasa. Ingila ma irin waɗannan ƙa'idoji take bi. Ga masu aikin agaji a sansanonin gudun hijira, inda fili ke da wuya, mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi shi ne mita 30 daga rijiya da kuma mita ɗaya da rabi a sama da ruwa. Mai karatu ya auna da idonsa ya gani ko maƙabartar unguwarsu ta cika ko da wannan ƙaramin sharaɗi.

Mu ma a nan gida malaman jami'o'inmu ba su zauna ba. An yi awo da ma'aunin lantarki a kewayen maƙabartu a birnin Binin, an kuma gwada ruwan rijiyoyin da ke kusa da maƙabarta a Maiduguri. Kayan aikin da masu sanin aikin duk muna da su.

KUDU BA AREWA BA CE

Abin da ya sa na ce maganar ta fi shafar ku shi ne, ƙasar da kuke zaune ba irin ta gida ba ce. Ruwan saman da Ikko ke samu a shekara ya haura milimita 1,500, na Fatakwal ya haura 2,000, alhali Kano ba ta cika samun fiye da rabin na Fatakwal ba, ga kuma rani na wata bakwai da ke busar da ƙasa. Ikko, da Binin, da Fatakwal, da Aba, da Owerri duka a kan rairayi suke zaune. A unguwannin Ikko da ke bakin ruwa, mai haƙa rijiya yakan tarar da ruwa tun bai nutse ba. Badun kuwa a kan dutse take kamar Kano da Kaduna, rijiyoyinta ba su da zurfi, ruwansu yana kwance ne cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma cikin tsage-tsage.

Ga kuma wani abu. Baƙo ba ya zaɓen fili. In jama'armu suka nemi wurin binne 'yan'uwa, sau da yawa wanda ake samu da araha shi ne na fadama ko na bakin rafi, wanda ba mai son ya yi gini a kai. Da rani a gan shi garau, da damina a haƙa kabari ruwa ya tsattsafo. Wanda ya taɓa tsayawa yana kwarfe ruwa daga kabari da bokiti, makara na ajiye a gefe, ya san abin da nake nufi. Wannan bai dace da mutuncin mamaci ba, bai kuma dace da lafiyar mai rai ba.

Ba wai Arewa ta kuɓuta ba ne. Duk shekarar da aka yi ambaliya akan ji labarin kaburbura sun rufta, kuma gidajen da ake ginawa a jikin katangar maƙabarta sai ƙaruwa suke yi.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Shawara ta farko ga Sarakunan Hausawa da kwamitocin masallatai ita ce, kada a biya kuɗin filin maƙabarta sai an gan shi a tsakiyar damina. A haƙa rami mai zurfin ƙafa 8 ko 10 a wuri biyu ko uku, a bar shi ya kwana, a dawo a duba. In ruwa ya taru, to a nemi wani wurin, ko a zaɓi ɓangaren da ya fi tudu. Masu haƙa rijiya da ke cikinku sun fi kowa sanin zurfin ruwan kowace unguwa, a tambaye su.

Na biyu, in akwai hali a kira masu na'ura. Ba sai an je ƙasar waje ba. Sassan nazarin ƙasa na jami'o'i, kamar na Badun da Ikko da Ife da Binin da Zariya da Kano, suna koyar da wannan aiki, kuma ɗalibansu kullum neman wurin gwaji suke yi. Akwai Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya, wadda asalinta ya faro tun 1919, akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna. In kuwa ɗan kasuwa za a ɗauka, a tabbata yana da rajista da majalisar COMEG, a kuma sa shi ya haɗa da gwajin ruwa, kada ya tsaya ga hoto kaɗai.

Na uku, wanda rijiyarsa ke kusa da maƙabarta, musamman ta wajen gangare, ya kai ruwansa a gwada ko da sau ɗaya a shekara, bayan damina. Kafin sakamako ya fito, a tafasa na sha ko a sa masa kulorin, wannan yana kashe ƙwayoyin cuta. Amma a sani tafasawa ba ta kawar da naitiret, sai ma ta ƙara masa ƙarfi tun da ruwa ke ƙonewa shi ya zauna. In gwaji ya nuna ya haura ka'ida, to kada a dama wa jariri madara da shi, a bar shi ga wanki da wanka. A kuma ɗaga bakin rijiya, a daɓe kewayenta da siminti, a yi mata murfi. Mai burtsatse ya tabbata an toshe gefen bututun daga sama da siminti, domin in ba haka ba ruwan sama-sama zai bi jikin bututun ya gangara ya ɓata na ƙasa.

'Yan garuwa kuwa, amana ce a wuyanku. Wanda ya sayi jarka a hannunku bai san inda kuka ɗebo ba, ku ne kuka sani. Ku tambayi mai burtsatsen da kuke saye a wurinsa ko ya taɓa gwada ruwansa, ku kuma dubi abin da ke maƙwabtaka da shi.

Daga ƙarshe muna kira ga ƙananan hukumomi, Kudu da Arewa, su daina yanka filaye har jikin katangar maƙabarta, su kuma ware wa baƙi wuri mai tudu tun kafin gari ya cika. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani, amin.